Nazari: Sana'ar Burukutu da Cinikin Dawa a Kudancin Jihar Kaduna

A Fadan Kaje da Zonkwa da sauran garuruwan Bajju na Ƙaramar Hukumar Zangon Kataf, har zuwa Kafanchan da Kagoro, abin shan da ya fi kowanne yaɗuwa a tsakanin masu shan giya shi ne burukutu, sai ƙanwarsa fito, wadda ake tacewa sosai kuma ba ta kai shi kauri ba. Giyar kwalba tana nan a otal-otal, amma kuɗin kwalba ɗaya yakan sayi ƙoƙon burukutu da dama, don haka manomi da lebura ba su cika waiwayarta ba sai ran biki. Mafi yawan 'yan kasuwar hatsi na arewa Musulmi ne, addininsu ya haramta musu sha da sayar da giya. Duk da haka sanin yadda wannan sana'a take gudana yana da amfani gare su, domin tana cikin abubuwan da ke motsa farashin dawa a kasuwannin yankin.

Sana'ar ta mata ce, kuma aikinta yakan ci kusan mako guda. Za a jiƙa dawa ta kwana, a tsame a shimfiɗa a inuwa a rufe, ana yayyafa mata ruwa har kwana uku zuwa biyar, sai ta yi tsiro. A lokacin tsirowar ne ƙwayar take samar da sinadarin da ke mayar da garinta sukari, kuma idan wannan mataki ya ɓaci babu abin da zai gyara sauran aikin. Daga nan a shanya, a kai injin niƙa, a dama da ruwa, a dafa na sa'o'i a manyan tukwane ko durom, a bari ya kwana ya yi tsami, a sake dafawa. In ya huce sai a zuba masa ragowar dahuwar da ta gabata domin ya tashi. Waɗansu sukan ƙara garin rogo don ya yi auki. Ƙarfin barasar da ke cikinsa yakan tsaya tsakanin kashi 3 zuwa 6 cikin 100, wato kusan daidai da na giyar kwalba.

Abin da ya kamata ɗan kasuwa ya lura da shi a nan shi ne burukutu kaya ne da ba ya ajiyuwa. Ana sayar da shi yana kan tashi, ba a kashe ƙwayoyin da ke cikinsa ba, saboda haka bayan kwana biyu ko uku tsami yakan rinjaye shi har ya ƙi shayuwa. Ba a iya toshe shi a kwalba domin iskar da yake fitarwa, ba a kuma iya yin doguwar tafiya da shi. Kusan duk tsarin cinikin daga wannan matsala ya samo asali. Mai dafawa ba ta yin fiye da abin da take da tabbacin za a shanye, kuma takan auna dahuwarta da ranar kasuwa ko Lahadi ko wani buki. A wurare da dama matan unguwa ɗaya sukan raba ranaku a tsakaninsu, kowacce da ranarta, don kada biyu su sauke tukunya rana guda su yi wa juna asara. Jarinta yana juyawa cikin mako ɗaya, abin da mai shago zai yi sha'awa, amma ba shi da hanyar girma, tunda kasuwarta ba ta wuce inda ƙafar masu sha za ta kai ba. In ruwan sama ya tashi kasuwa, ko aka sa dokar hana fita saboda rikici, kamar yadda yankin ya sha gani, uwar kuɗi da riba duk sukan tafi tare.

Wannan raunin kuma shi ne garkuwar sana'ar. Babban kamfani ba ya iya shiga cinikin kayan da ke lalacewa kafin mota ta kai shi dila, shi ya sa fiye da shekara 70 bayan fitowar giyar kwalba ta gida, tukunyar ƙauye ba ta mutu ba.

Kashe-kashen mai dafawa uku ne manya: dawa, itace, da kuɗin niƙa. Itace yana cin kaso mai yawa saboda dahuwa biyu masu tsawo, kuma yana ƙara nisa da tsada. Kuɗin niƙa da na dako sun tashi bayan janye tallafin man fetur da aka saba jin ana tsoro tun zamanin soja, wanda a ƙarshe ya tabbata a watan Mayun 2023. A ɗaya ɓangaren akwai kuɗin shiga da ba a cika lissafawa ba, wato dusar da ake tacewa, wadda masu kiwon alade ke saye. Kasuwar aladu ta Katsit da ke gefen Kafanchan, mai ci ranar Alhamis, tana cikin mafi girma a ƙasar nan, kuma dillalai daga kudu suke zuwa lodi. Sau da yawa gidan da ake dafa burukutu shi ne gidan da ake kiwo. Haka nan a aikin gayya, randar burukutu takan tsaya a madadin wani ɓangare na ladan ma'aikata.

Tarihi ma ya ba da tasa gudummawa. Bisa yarjejeniyar Brussels ta 1890, Turawan mulkin mallaka sun sa Arewacin Nijeriya cikin yankin da aka hana sayar wa 'yan ƙasa barasa mai ƙarfi ta ƙasashen waje, amma ba su iya hana al'ummomin da ba Musulmi ba dafa tasu ta gargajiya ba. Da Kafanchan ta zama mahaɗar jiragen ƙasa a wajen 1927, ma'aikatan reluwe masu albashi suka cika garin, abin da a da ake dafawa don biki da gayya ya koma haja. Kamfanin Nigerian Breweries ya fitar da Star a Legas a 1949, ya buɗe masana'antarsa ta Kakuri a Kaduna a 1963.

Shekarar da ta fi shafar mai dawa ita ce 1988, lokacin da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir a ƙarƙashin shirin gyaran tattalin arziki. Dole kamfanoni suka koma ga dawa da masara, wato suka koyi abin da matan Kaje suka daɗe da sani. Irin dawar nan SK5912, gajeriyar kaura da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta fitar, ta samu karɓuwa a wurinsu. An ɗage hanin a ƙarshen shekarun 1990, amma dawa ba ta fita daga masana'antu ba, har da masu yin abin sha na malt marar barasa irin su Maltina. Tun daga lokacin mai dafa burukutu da ke sayen mudu-mudu take gogayya da wakilin kamfani mai sayen tirela, kuma a shekarar da kaka ba ta yi kyau ba ita ce ke fara jin jiki. Ba ta cika ƙara kuɗin ƙoƙo ba. Takan rage girmansa ko ta ƙara ruwa.

A wasu ƙasashe an gwada ƙetare matsalar ajiya. A Zambiya da Zimbabwe ana sayar da Chibuku, giyar dawa da masara mai kauri, a cikin kwali mai hujin shan iska, daga baya kuma aka fito da nau'in da aka gasa shi da zafi aka kashe ƙwayoyinsa, wanda yake yin makonni a robar da aka toshe. A Yuganda kamfanin Nile Breweries ya fito da Eagle a 2002, ya ƙulla yarjejeniyar sayen dawa da ƙananan manoma. A nan gida ƙananan masana'antun zamani ba su da yawa. Bature Brewery da ya fara a Abuja a 2017 ya koma Legas, inda masu iya biyan farashinsa suke. Duk wanda zai bi wannan hanya da burukutu sai ya tanadi ruwa mai tsabta, da wutar lantarki, da rajistar hukumar NAFDAC, da lasisin sayar da giya, ya kuma san cewa dokokin sayar da ita ba ɗaya ba ne a ƙananan hukumomin jihar tun bayan tsarin shari'a na 2001. Waɗannan kuɗaɗe suna iya ɗaga farashin har ya fi ƙarfin masu shan ƙoƙo.

Manyan kamfanonin ma ba su tsira ba. Bayan faɗuwar darajar Naira, Nigerian Breweries ya bayyana asarar kimanin Naira miliyan dubu 106 a 2023, kuma a 2024 ya ba da sanarwar dakatar da aiki a biyu daga cikin masana'antunsa tara, ciki har da ta Kakuri.