Darasi na 17: Neman Maƙogwaron Tsohon Inji

A ƙasar Ikara da Makarfi da Kudan, akori-kura ita ce jakin zamani. Ita ke kwaso rake daga fadama. Ita ke kai tumatir da barkono da mazarƙwaila kasuwa. A cikin tsofaffin motocin nan akwai Peugeot, wadda mu ke kira Fijo. An fara ƙera 504 a Faransa a 1968. A 1975 aka fara haɗa Peugeot a Kaduna. An yi ta haɗa 504 a can har 2006, sa'an nan aka daina. Shi ya sa sabon kayan gyaranta ya ke wuyar samu.

Tumatir kuwa ba ya jira. In mota ta kwana uku a gareji, kaya ya ruɓe, wahalar noman rani ta tafi a banza. Saboda haka yau za mu koyi yadda a ke neman wani ƙarfe guda na inji, ba tare da an cuce mu ba.

Mene ne manifol?

Inji yana numfashi kamar mutum. Ba ya tashi sai da iska da mai. Kafireto shi ke gauraya iska da fetur. Daga nan sai su bi ta wani bututu su shiga cikin inji, inda fulogi ke ba su wuta. Wannan bututu shi makanikai ke kira manifol. Mu ce masa maƙogwaron inji.

Manifol iri biyu ne. Akwai na shigar iska, akwai na fitar hayaƙi, wanda ke haɗe da salansa. Na shigar iska mu ke magana a kansa. Ku riƙe wannan, domin in mutum ya ce wa mai shago manifol kurum, yana iya komowa gida da wanda ba shi ya ke nema ba.

Yadda a ke gane ya lalace

In maƙogwaro ya tsage, iska ta kan saci hanya ta shiga. Iska ta yi yawa, mai ya yi kaɗan. Sai inji ya riƙa karkarwa in mota tana tsaye, ya riƙa mutuwa. Wani lokaci a kan ji ƙara kamar hucin maciji. Mota ta rasa ƙarfin hawa tudu da kaya. In aka ƙyale, inji ya kan yi zafi, ɓarna ta ƙaru.

Amma kada mu yi gaggawa. Tsakanin manifol da kan inji akwai wani shimfiɗi mai hana iska wucewa, sunansa gaskit. Sau da yawa shi ne ya mutu, ƙarfen kuwa lafiyarsa lau. Gaskit ba shi da tsada. Bari bakanike ya kwance ya duba tukuna.

Kafin mu tashi

Ga inda karatu ya ke da rana. Sunan mota bai isa ba. An yi 504 da inji iri-iri, akwai na fetur, akwai na dizal. Ban da wannan, tsohuwar mota ta yiwu an taɓa sake mata inji. Wani manifol rassa huɗu gare shi, wani kuwa gajere ne. Wani kafireto baki ɗaya gare shi, wani biyu. Don haka ba kowane ne ke zama a kowane inji ba.

Mu ɗauki takarda da fensir, mu rubuta abu huɗu:

1. Sunan mota.
2. Lambar da ke jikin inji. A goge baƙin mai, a kwafe ta daidai, harafi da harafi.
3. Lambar da ke jikin tsohon manifol, in akwai.
4. Ramukan ƙusa nawa ne, bakin kafireto kuma nawa ne.

Sa'an nan mu sa tsohon ƙarfen cikin buhu mu tafi da shi. Gani ya kori ji.

Ina za a nema?

A fara da kusa. A tambayi makanikan gari, ko wani yana da mataccen inji irin namu a ajiye. In ba a dace ba, sai Sabon Garin Zariya. In babu nan, akwai Ƙofar Ruwa a Kano, akwai Panteka a Kaduna. Galibi wanda za a samu na hannu ne, ko dai an ciro shi daga motar da ta mutu a nan, ko kuwa irin wanda a ke kira ɗan Beljiyam, watau tsohon kaya daga ƙasashen waje. Na hannu ba laifi ba ne, in an duba shi da kyau.

Yadda a ke dubawa

Mu ajiye shi kusa da namu. Rami ya dace da rami, baki ya dace da baki.

Mu ɗora rula a fuskar da ke manne wa inji, mu ɗaga wajen haske. In haske yana wucewa ta ƙarƙashin rula, ƙarfen ya karkace, iska za ta shiga.

Mu wanke shi da kananzir, mu share ya bushe, mu shafa masa alli. In akwai tsaga, kananzir zai tsattsafo, a ga layi a jikin allin. A yi wannan nesa da wuta. Mu kuma yi hankali da wanda aka shafe da sabon fenti, domin fenti ya kan ɓoye walda.

In ciniki ya faɗa, kada mu tashi sai da rasit. A rubuta kwanan wata, da sunan kaya, da kuɗin da aka biya. A kuma rubuta cewa in bai zauna ba za a mayar. Mu karanta da idonmu kafin mu biya. Magana ta kan bi iska, rubutu ba ya tashi. Wajen ɗaurawa kuma a sa sabon gaskit, kada a mai da tsohon.

Jama'a, kun ga wanda ya iya karatu tafiya ɗaya zai yi. Wanda bai iya ba sai ya yi ta kai da kawowa, kuɗin mota na cinsa, kaya na ruɓewa a gona.

Tambayoyi

1. Mene ne aikin maƙogwaron inji?
2. Don me sunan mota kaɗai bai isa ba?
3. Yaya a ke gane tsaga da kananzir da alli?
4. Waɗanne abubuwa ne a ke rubutawa a rasit?

Aikin gida

Kowa ya nemi wani inji a garinsu, ko na mota, ko na niƙa, ko na ban-ruwa. Ya roƙi iznin mai shi, ya kwafo lambar da ke jikinsa. Ran darasi mai zuwa kowa zai karanta mana tasa a aji.