In na gama kwas ɗin intanet, zan fara duba mutane?

Anti, Shekarata shida a Manchesta, ina aiki a gidan kula da tsofaffi, 'ya'yana uku. Tarihi na karanta a digirin farko, a Kano. Bayan haihuwar autana na yi wata huɗu ina kuka ba gaira ba dalili. Ƙwararriyar da aka tura ni wurinta tana da kirki, amma ba ta san jego ba, ba ta san zafin haihuwa babu uwa kusa ba. Na fito ban faɗi rabin abin da ke raina ba. Tun ranar nake son in zama wadda matanmu za su yi wa kukansu da Hausa. Na ga kwas na digiri na biyu a ilimin halayyar ɗan'adam, ta intanet, na waɗanda suka karanci wani fannin. Maigidana zai taimaka da kuɗi, sai dai ya tambaye ni ko in na gama zan fara duba mutane. Me zan ce masa?

Maman Auta

Ƙanwata, Ki ce masa a'a, ba nan take ba, gara ya ji yanzu kafin a biya ko fam ɗaya.

A Birtaniya aikin wannan kwas shi ne ya ɗora ki a matakin wanda ya yi digirin farko a fannin. Idan ƙungiyar masana fannin, BPS, ta amince da kwas ɗin, kika ci aƙalla kashi 50 cikin 100, kika kuma haye aikin bincikenki, za ki samu matsayin da ake kira GBC. Da shi ake neman horon ƙwarewa. Masu duba marasa lafiya kuwa sai sun yi digirin digirgir na shekara 3, wanda hukumar lafiya ta NHS ke ɗaukar nauyinsa, sannan su yi rajista da hukumar HCPC. Masu nema sun fi guraben yawa nesa ba kusa ba, kuma ana tambayar aikin da mutum ya taɓa yi da marasa lafiya. A nan tsofaffin da kike kulawa da su za su yi miki rana, musamman masu ciwon mantuwa.

Don haka kada talla ta ruɗe ki. Ki duba jerin kwasa-kwasan da BPS ta amince da su a shafinta, ki ga sunan kwas ɗin da idonki. Jami'o'in Glasgow, Liverpool da Derby suna cikin masu yin irinsa ta intanet.

Abin da ke ba mutane mamaki shi ne lissafi. Ana shiga da zaton za a yi ta hira kan damuwa da zaman aure, sai a tarar da aikin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, da girman yara, da ƙididdiga jingim. Kwas ɗin kiredit 180 ne, kimanin awa 1,800 ke nan. In kika raba shi shekara 2, kusan awa 20 duk mako, ga aiki ga yara. Ki roƙi maigida awannin nan kamar yadda kika roƙi kuɗin.

Amma ni abin da na ji a wasiƙarki shi ne kina son ki zauna da mai jego ki saurare ta, kuma akwai hanyar da ta fi kusa: horon masu ba da shawara wanda ƙungiyarsu, BACP, ta amince da shi, inda za ki yi aƙalla awa 100 da mutane na gaske ƙarƙashin kulawar ƙwararre. Ki auna biyun. In zurfin ilimin kike so da aikin asibiti, ki ɗauki kwas ɗin da idonki a buɗe. In zaman saurare ne, fara da ɗan gajeren kwas na share fage a kwalejin unguwarku, ki ga ko zuciyarki za ta iya ɗaukar kukan wasu bayan naki. Ya jikin naki yanzu? Ki rubuto ki gaya mini.