Yaron da Ya Daina Ƙiriniya: Shawara ga Iyaye da Kakanni

Shekaru kaɗan da suka wuce, wata dattijuwa mai koko da ƙosai a zangon Chereponi, a arewacin Gana, ta yi mini wata magana da har yau take raina. Tana tsame ƙosai daga mai, jikanta ɗan shekara bakwai yana tsugune riƙe da gefen zaninta, ta ce: "Malam, yaron nan ya yi hankali. Da ba ya zama wuri ɗaya, kullum sai an kawo ƙararsa. Tun da uwarsa ta tafi Kumasi ya natsu. Abu ɗaya ne ya dame ni, ya koma fitsarin kwance, na yi duka har na gaji." Muna cikin haka wani babur ya wuce, salansarsa ta buga kamar harbi. Yaron bai yi kuka ba. Ya ƙanƙame ƙafarta, ya runtse ido, ya cusa wuyansa cikin kafaɗu, bai sake ta ba sai da ta ce ya cika ta kada mai ya zube.

Na ce mata: "Mma, tsoro ne ya kwantar da yaron nan." Ta yi shiru tana dubansa, kamar yau ta fara ganinsa. Shawarar yau tata ce, da duk wanda yake riƙon yaro irin wannan.

Ruwa ba ya tsami banza. Daga ƙarshen Disamban 2018 zuwa watannin farko na 2019, rikicin gona a ƙauyen Naduni da ke yankin Chereponi ya zama faɗa tsakanin Anufo, waɗanda aka fi sani da Cokosi, da Konkomba. An ƙona gidaje, an rufe makarantu, an sa dokar hana fita, wasu iyalai suka tsallaka Togo. Yaran da ke goye a lokacin yau suna firamare, masu wayo a lokacin sun zama samari da 'yan mata. Bawku ta koma cikin tashin hankali tun Nuwamban 2021. Iyayen yanzu kuwa, da yawansu su ne yaran da suka ga yaƙin 1994 a ƙasashen Salaga da Bimbila da Yendi, ko suka kwana cikin fargabar Maris ɗin 2002 da aka kashe sarki Ya Na Yakubu Andani na Biyu a Yendi. A kan wannan sai ga cirani. Damina ɗaya muke da ita, da an kwashe doya da waken suya sai maza su nufi gonakin kudu ko ramukan zinariya, mata su nufi Kumasi da Akra ɗaukar kaya a kasuwa, a bar yara hannun kaka. Babu mai tafiya don daɗi, kuma ban zo in ga laifin kowa ba. Abin da nake so a lura da shi, babba yana da bakin faɗin damuwarsa, yaro kuwa da jikinsa yake faɗa: fitsarin kwance, ciwon ciki da safe in za a tafi makaranta, firgita cikin barci, ƙin abinci, ko wannan shirun da muke yabawa.

Lokacin yaƙin duniya na biyu, Anna Freud da Dorothy Burlingham sun riƙe gidajen renon yara a Landan, garin yana shan ruwan bama-bamai. A 1943 suka buga abin da suka gani: rabuwa da uwa ta fi bama-baman girgiza ƙananan yara, kuma yaro yakan auna girman haɗari ne da fuskar babban da ke kusa da shi. Jikan mai koko ya haɗu da duka biyun, ƙarar bindiga da tafiyar uwa.

Mu fara da tafiyar, don ita ce ta fi yawa a gidajenmu. Ke da za ki tafi, kada ki sulale da asuba yaro yana barci don gudun kukansa. Na san zuciya ce ba ta iya ɗauka. Amma yaron da ya farka ya ga tabarmar uwarsa a naɗe yakan koyi cewa barci ma abin tsoro ne, mutum na iya ɓacewa cikinsa. Ki faɗa masa kwana biyu ko uku kafin ranar, ki bar shi ya yi kukansa a jikinki. Ki auna masa lokacin dawowa da abin da ya sani, kamar kafin babbar salla ko farkon ruwan shuka, domin "wata huɗu" ba ta da ma'ana ga ɗan shekara biyar. In ba ki da tabbacin ranar, kada ki yi alkawari. Ki ce za ki riƙa kira. Ki bar masa tsohon zaninki ko mayafi, wanda ba a wanke ba, ya riƙa lulluɓa da shi.

Sannan wayar. Yawancin kiran da ake yi daga kudu na manya ne: an turo sidi kaza, a sayi masara, a biya kuɗin makaranta. In an miƙa wa yaro waya, abin da yake fara ji shi ne "an ce ba ka jin magana." Ki ware masa rana guda da ba ta canzawa, a ce Juma'a bayan la'asar, ko da minti uku ne, nasa shi kaɗai. Kada ki tambaye shi "kana lafiya?", don zai ce lafiya lau ya miƙa wayar. Tambaye shi wa ya ci ƙwallo jiya, akuyar ta haihu, me aka dafa. In akwai wayar da ke ɗaukar murya a gidan, ki yi masa tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi ki turo, a riƙa kunna masa da dare. In ranar ta zo babu kuɗin kira, ki aika a gaya masa dalili, domin yana ƙirga kwanakin ko bai faɗa ba. Ranar da kika dawo kuma, kada ki yi mamaki in ya juya miki baya ya ɓuya bayan kaka. Fushin kewa ne. Ki zauna kusa, ki ba shi kwana biyu, da kansa zai zo ya jingina.

Ke kuma kaka, ko gwaggo, ko matar uba da aka bar wa riƙo, nauyin yana wuyanki, kuma Allah ya saka miki. Roƙona ɗaya ne: duk zafin rai, kada bakinki ya furta "uwarka ta gudu ta bar ka," ko "in ka ƙara zan kore ka ka bi ta." Yaro yana ɗaukar irin wannan magana a matsayin gaskiya tsagwaronta. Yawancin ƙananan yara ma suna zaton laifinsu ne ya sa aka tafi. Ki gaya masa da baki, ba sau ɗaya ba, cewa neman kuɗin abinci da makaranta ne ya kai ta, ba rashin jinsa ba.

Game da fitsarin kwance, a fara da asibiti. Yaron da ya daɗe da dainawa ya dawo yana yi, a kai shi ɗakin shan magani na unguwa ko asibitin gunduma a gwada fitsarin. Yana iya zama ciwon mara, ko ciwon sukari in yana yawan shan ruwa yana ramewa, kuma yaran da ke wanka a Kogin Oti da madatsun ruwa suna kamuwa da tsargiya, musamman in ana ganin jini. In gwaji ya fito lafiya, sai a duba zuciya. Duka ba ya maganinsa, domin cikin barci yake yi, bai san ya yi ba. Tara masa yara a yi masa waƙar amalala ya fi dukan ma ciwo. A rage masa ruwa bayan magariba, ya yi fitsari kafin ya kwanta, a shimfiɗa leda a ƙarƙashin zani, a matso da tabarmarsa kusa da ta babba. Da safe ku wanke tare ba tare da an tara masa mutane ba, daren da ya tashi a bushe kuma a nuna masa an gani. Ko hukumar ilimi ta Gana ta hana bulala a makarantu tun 2017. Ba na cewa a daina tsawatarwa. Yaron da ya yi sata ko ya zagi babba a hukunta shi da hana shi fita wasa ko sa shi ya gyara abin da ya ɓata. Amma tsoro ba laifi ba ne da za a hukunta.

In an ji harbi, ko aka sa dokar hana fita, kada a ce wa yaro "ba komai" alhali yana ganin hannunka na rawa. Labarin zuciya a tambayi fuska, kuma yara sun fi kowa iya karanta ta. Faɗa masa gaskiya daidai kansa: "I, harbi ne. Na ji tsoro ni ma. Mun kulle ƙofa, ina nan tare da kai." Ka ɗora hannunka a bayansa, ku ja numfashi a hankali tare, ku karanta addu'ar da ya haddace. Washegari a yi ƙoƙari komai ya zo a lokacinsa, tuwo da karatun allo da wanka, domin abin da aka saba shi ne yake gaya wa yaro duniya ba ta tashi ba. In ka ga yana wasan bindiga da karan dawa, kada ka fizge. Zauna ka tambaye shi wa ke gudu, ina za su ɓuya, wa zai cece su. A nan za ka ji abin da ke cikinsa.

Akwai abin da iyayenmu ba su yi fama da shi ba. A 1994 labari ta rediyo da bakin matafiya yake zuwa. Yau bidiyon gawa daga Bawku yana shiga WhatsApp kafin a yi jana'iza, a kunna shi a tsakar gida yara na leƙe ta bayan kafaɗa. Ƙaramin yaro bai san cewa abu ɗaya ne ake maimaitawa ba. A wurinsa duk kunnawa sabon kisa ne, kuma bai san nisan Bawku da ƙofar gidansu ba. Ka goge irin waɗannan kafin ka miƙa masa wayarka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa jariri da ɗan shekara ɗaya kada a zaunar da su gaban waya ko talabijin, daga shekara biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana. Haka nan a kula da harshe. In aka ce "mutanen nan mugaye ne" a gaban yaro, gobe zai shiga aji ya zauna benci ɗaya da ɗan Konkomba ko ɗan Anufo ko ɗan Fulani, ya wuni yana jin yana kusa da maƙiyi. A ce wasu mutane sun yi mugun aiki, a bar sunan ƙabila.

Iyaye maza, ku ma ku matso. Mun gaji alkunya, musamman ga ɗan fari, kuma tana da kyanta. Sai dai a da, in uba ya kau da kai akwai baffa da kawu da kaka a gida ɗaya masu ɗaukar yaro su yi masa wasa. Yanzu rabinsu suna kudu, in ka kau da kai babu mai ɗauka. Buhari da Muslim sun ruwaito yadda Aƙra'u ɗan Habis ya ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana sumbatar jikansa Hasan, ya ce shi 'ya'yansa goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, Annabi kuma ya nuna masa cewa wannan rashin jinƙai ne. An kuma ruwaito yadda yake tsayawa ya tambayi Abu Umair, ƙanen Anas, labarin ɗan tsuntsunsa. Ka ɗauki ɗanka a babur zuwa gona ku biyu kawai. In ya yi kuka kada ka ce namiji ba ya kuka, ka ce "na ga ranka ya ɓaci, me ya faru?" ka jira amsa. Wanda ya tafi makarantar kwana, kamar yadda da yawa suke tafiya tun da aka mai da babbar sakandare kyauta a 2017, in ya dawo hutu ka lura da barcinsa da abokansa, don ƙwayar tiramadol ta fi samun yaron da ba shi da wanda zai gaya wa damuwarsa.

In abin ya wuce wata guda yana ƙaruwa, yaro ya daina magana, yana ramewa, yana cutar da kansa, ko ya ambaci son mutuwa ko da sau ɗaya, a kai shi asibiti a nemi ma'aikacin lafiyar ƙwaƙwalwa. Gana tana da doka a kan wannan fanni tun 2012, kuma zuwa wurinsu ba ya nufin hauka. A yi addu'a da ruƙiyya, a kuma je. In ana zargin wani babba yana taɓa shi, a sanar da ofishin jin daɗin jama'a na gunduma ko sashen 'yan sanda mai kula da cin zarafin cikin gida, kada a rufe don kunyar dangi.

Mai koko ta kai jikanta gwaji, ba a sami komai ba. Ta matso da tabarmarsa jikin tata, ta ajiye bulala, uwar kuma ta riƙe kiran Juma'a. Da na sake bi ta wurinta bayan wata uku ban ga yaron a gefenta ba. Ta ce fitsarin bai ɗauke duka ba, yakan yi jefi-jefi. Sai ta nuna mini bayan masallaci da matsamin ƙosai, inda ƙura ke tashi, ta ce: "Ga shi can. Jiya ma sai da na biya kuɗin tulun maƙwabciya, da ƙwallo ya fasa shi."