Yadda Ake Canja Fambel na Motar Ɗaukar Amfanin Gona

Manomi, aikinka bai ƙare ba sai amfani ya isa kasuwa lafiya. Da yawa cikin manoma sun haɗa kuɗi sun sayi a-kori-kura, waɗansu kuma haya suke ɗauka, don kai tumatir da tattasai da albasa kasuwa. To, a cikin injin motar nan akwai wani ɗan abu mai araha wanda in ya tsinke, mota ba ta ƙara gaba. Shi ne fambel. Wannan takarda za ta nuna maka yadda za ka duba shi, da yadda za ka canja shi da hannunka.

A wani rani na ga wata ƙungiyar masu noman lambu ta loda kwandunan tumatir tun da asuba. Ba su yi nisa ba jar fitila ta kama a gaban direba. Ya ce bari dai ya lallaɓa zuwa gari na gaba. Kafin su isa inji ya tafasa, gaskit ya ƙone. Motar ta kwana biyu a bakin hanya, tumatir ya narke cikin kwando. Da aka buɗe inji, fambel ne kawai ya tsinke. Da akwai sabo a ƙarƙashin kujera, da aikin rabin sa'a ne.

Aikin fambel

Fambel ɗamara ce ta roba mai zare a cikinta. Yana kewaye waɗansu ƙarafa masu kwarmi da ake kira fuli. Fulin ƙasa inji ne ke juya shi, shi kuma fambel ya ja sauran:

1. Famfon ruwa, wanda ke zagaya da ruwa tsakanin inji da lagireto.
2. Fanka, wadda ke jawo iska ta sanyaya lagireto.
3. Altaneta, wato na'urar da ke cajin batir. A tsofaffin motoci dainamo ne ke wannan aiki.

Ke nan in fambel ya tsinke, ruwa ya daina zagayawa, batir kuma ya daina samun caji. Batir zai iya jurewa na ɗan lokaci, amma inji ba ya jure zafi. Cikin 'yan mintoci sai ya tafasa.

Fambel iri biyu ne. Akwai siriri mai faɗi a sama da tsini a ƙasa, kamar bakin gizago. Shi ne a tsofaffin motoci irin su Peugeot 404 da 504, waɗanda suka cika ƙasar nan bayan an buɗe masana'antar harhaɗa Peugeot a Kaduna a 1975, kuma har yanzu ana cin moriyar waɗansunsu a karkara. Akwai kuma mai faɗi mai layi-layi a cikinsa, wanda ke cikin motocin baya-bayan nan. Shi sau da yawa guda ɗaya ne ke jan kome da kome, har da famfon sitiyari.

Abin lura: siririn fambel da gefensa biyu yake kama fuli, ba da gindinsa ba. In ya cinye har ya nutse yana taɓa ƙasan kwarmi, to ya gama aiki, ko da bai tsinke ba.

Alamun fambel ya gaji

Ka riƙa duba fambel sau ɗaya a mako, lokacin da kake duba ruwa da baƙin mai, inji yana kashe. Ka ƙara kula da shi lokacin hunturu, don ƙura tana cin roba, da kuma lokacin bazara, sa'ad da zafi ya yi tsanani. Ga abin da za ka nema:

(a) Ƙara mai tsini kamar kukan ɓera in an ta da mota da safe, ko in an taka totur.
(b) Tsagewa a cikinsa. Murɗa shi da yatsa ka leƙa cikin.
(c) Zare ya fito a gefe.
(d) Gefensa ya yi santsi yana ƙyalli. Wannan alama ce yana zamewa.
(e) Ya jiƙe da baƙin mai. Mai yana lalata roba, sai an toshe inda yake yoyo.
(f) Fitilun mota suna dushewa, batir yana yawan mutuwa, ko allurar zafi tana hawa.

In ka ga tsagewa ko zare ko ƙyalli, kada ka jira ya tsinke. Canja shi a gida, ran da babu lodi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sayen sabo

A bayan kowane fambel akwai lamba. In ka ga 10 x 950, ma'ana faɗinsa milimita 10, tsawonsa milimita 950. A mai layi-layi kuwa, in ka ga 6PK 1750, layi shida ke nan, tsawo milimita 1750. Rubuta lambar naka ka ajiye tun ba ta goge ba. In ta goge, tafi da tsohon wurin mai sayar da kayan mota a gwada. Ka tuna tsohon ya riga ya miƙe, saboda haka sabo zai ɗan fi shi gajarta kaɗan, amma faɗinsu dole ya zo ɗaya.

Kada ka sayi wanda ya daɗe rataye a rana ya bushe. Lanƙwasa shi ka gani, in ya nuna tsagewa ka mayar. Kuma in ka tashi saye, sayi biyu: ɗaya a inji, ɗaya a ajiye. Naɗe na ajiya cikin tsumma ka sa shi ƙarƙashin kujera, nesa da mai da rana.

Kayan aiki

Sufana lamba 12, 13, 14 da 17 sun isa yawancin motoci. Sai guntun katako mai ƙwari, kamar ƙotar fartanya, da tsumma, da tocila in dare ne.

Kafin ka sa hannu

Tsayar da mota a wuri mai lebur, ka ja birkin hannu, ka sa dutse bayan taya. Kashe inji, ka zare makulli ka sa a aljihunka, don kada yaron mota ya ta da inji hannunka na ciki. Jira inji ya huce. Cire wayar batir ta gefen da ke da alamar (−). Wannan wajibi ne, domin altaneta tana da wuta ko da mota na kashe, kuma a motocin da fankarsu ta lantarki ce, takan tashi da kanta ba sanarwa. Tuɓe babbar riga, ka naɗe hannun taguwa, kada rawani ko carbi ya yi lilo kusa da fanka.

Yadda ake canja siririn fambel

1. Dubi yadda tsohon ya bi. Zana shi a takarda, ko ka ɗauki hotonsa da waya. In akwai wani bel a gabansa, kamar na sitiyari, shi za ka fara cirewa.

2. Nemi kusoshin da ke riƙe da altaneta. Akwai na ƙasa, wanda take juyawa a kansa. Akwai na sama, wanda ke cikin wani ƙarfe mai dogon rami. Sassauta su duka, amma kada ka cire su gaba ɗaya.

3. Tura altaneta wajen inji. Fambel zai saki. Zare shi daga fuli, ka fitar da shi ta kan fukafukan fanka ɗaya bayan ɗaya.

4. Kada ka yi saurin sa sabo. Juya fulin altaneta da na famfon ruwa da hannu. Su juya sumul, ba gurnani. Girgiza su. In ɗaya yana kaɗawa, ko ka ga ruwa yana ɗiga ƙarƙashin famfo, to boris ko famfon ya lalace, sai an je wurin makanike, in ba haka ba sabon fambel ma ba zai daɗe ba. Goge kwarmin kowane fuli, ka fitar da laka da tsatsa da guntayen roba.

5. Jera sabo da tsoho ka tabbata sun dace.

6. Shigar da sabo ta kan fanka, ka sa shi a fulin ƙasa, sa'an nan na famfo, na altaneta ya zama na ƙarshe. Kada ka ɓamɓare shi da sukundireba don ya shiga. Yin haka yana tsinka zaren ciki, ba za ka gani ba, sai ranar da ya yashe ka a daji. In ya ƙi shiga, ƙara tura altaneta ciki. In har yanzu ya ƙi, ba lambarsa ba ce.

7. Sa katakon nan tsakanin inji da gaban altaneta, wajen fuli inda ƙarfen ya fi ƙwari. Ja ta waje a hankali har fambel ya yi tauri. Kana riƙe da katako, ka ɗaure kusar sama, ko wani ya ɗaure maka. Sa'an nan ka ɗaure ta ƙasa.

8. Gwada tauri. Nan ne gaba ɗayan aikin yake. Nemi inda fambel ya fi tsawo tsakanin fuli biyu, ka danna tsakiyarsa da babban yatsa da ƙarfi. Ya kamata ya nutse kamar santimita 1 zuwa 1½, wato wajen rabin inci, kimanin kaurin yatsanka.

9. Kwashe sufana da katako da tsumma daga cikin inji. Mayar da wayar batir. Ta da mota, ka tsaya gefe ka duba. Jar fitila ta mutu, babu ƙara, fambel yana tafiya miƙe ba rawa.

10. Bar inji ya yi aiki minti 10 zuwa 15, ka kashe, ka sake gwada tauri. Sabon fambel yana miƙewa. Bayan tafiyar kwana biyu ko uku ka sake dubawa.

Kada ya yi sako-sako, kada ya yi tauri ainun

Mutane da yawa suna tsammani in an ja fambel ya yi kamar tsirkiya shi ne daidai. Kuskure ne. In ya cika tauri yana cin boris na famfon ruwa da na altaneta, waɗanda kuɗinsu ya ninka na fambel sau da yawa. In kuma ya yi sako-sako sai ya riƙa zamewa, ya yi zafi, ya ƙone, batir ba caji, inji ba sanyi. Tsakatsaki ake so, kuma yatsanka shi ne ma'auni.

Kada ka shafa wa fambel giris ko baƙin mai ko sabulu don ya daina ƙara. Ƙarar za ta yi shiru, ciwon yana nan.

Fambel mai layi-layi

A yawancin motocin da ke da irin wannan, ba a tura altaneta. Akwai wani ƙaramin fuli mai sifirin wanda ke ɗaure fambel da kansa. Sa sufana a kan kusarsa, ka juya shi har fambel ya saki, ka zare tsohon, ka saki sufana sannu a hankali, don sifirin ɗin yana da ƙarfi, yana iya matse yatsa. Bi zanen da ka yi wajen sa sabo. Gefe mai layi yana hawa fuli mai layi, baya mai santsi yana bin fuli mai santsi. Leƙa kowane fuli ka tabbata layukan sun zauna daidai. In ya goce da layi ɗaya tak, zai yayyage.

Gargaɗi: a waɗansu motoci akwai wani bel dabam mai haƙora, a ɓoye cikin murfi, wanda ake kira bel na taimin. Wannan ba aikinka ba ne. In aka sa shi ba daidai ba inji na iya lalacewa. Bar wa makanike.

In ya tsinke a hanya

Da zarar jar fitilar batir ta kama kana tafiya, dubi allurar zafi, ka ratse gefen hanya, ka kashe inji nan take. Kada ka ce bari in ƙarasa. Kada ka buɗe murfin lagireto yana da zafi, tafasasshen ruwa zai watso maka a fuska. Kada kuma ka kwara ruwan sanyi a kan inji mai zafi, kan injin na iya tsagewa. Jira ya huce. Tsince guntayen tsohon fambel, ka sa na ajiya, ka cika ruwa in ya ragu. In babu na ajiya, gara ka aiki yaro a kan babur ya sayo, ka rufe kaya da ganye ko buhu saboda rana. Jinkirin sa'a biyu ya fi ƙona inji.

Sauran injinan gona

Wannan darasi ya shafi injin niƙa, da injin sussuka, da injin ban-ruwa mai bel. Nasu akan rubuta musu harafi da lamba, kamar A ko B. Faɗin A milimita 13 ne, na B milimita 17, lambar da ke biye kuma tsawo ce da inci. In inji yana da bel biyu ko uku jere, canja su duka tare. In ka haɗa sabo da tsoho, sabon kaɗai zai ɗauki nauyi, ya mutu da wuri. Kullum ka mayar da murfin bel bayan aiki, musamman inda mata da yara ke kawo niƙa.

Ka tuna

Duba fambel kowane mako. Ajiye sabo da sufana a cikin mota. In motar haya za ka loda wa kayanka, tambayi direba ya nuna maka nasa na ajiya kafin a ɗora kwando na farko. In ƙungiya ce ke da mota, a sa mutum biyu su koyi wannan aiki, su gwada shi a gida sau ɗaya tun bukata ba ta taso ba.

Don ƙarin bayani sai ka tuntuɓi malamin gona na yankinku.