Yadda Ake Farfaɗo da Daɓen Katako a Gida

Yawancin gidajenmu siminti ne ko tayil, saboda gara ba ta raga wa katako. Duk da haka akwai tsofaffin gidajen ma'aikata a garuruwa irin su Kaduna da Jos masu daɓen ƙananan katakai na loko ko maɗaci, an jera su an liƙe da kwalta. Raina yana ɓaci idan na ga an ɓamɓare irin wannan daɓe an zubar don kawai ya dushe, alhali sau da yawa banish ɗin da ke samansa ne ya gaji, katakon yana nan da ƙarfinsa.

Kafin ka yi hayar injin kankare katako, ɗiga ruwa cokali guda a inda aka fi takawa, kamar bakin ƙofa. Idan ruwan ya tsaya ya dunƙule, banish bai ƙare ba, ƙarin shafi kawai ake bukata. Idan katakon ya shanye shi ya yi duhu, ko wurin ya riga ya koma ruwan toka, sai an kankare har tsurar katako. Sannan ka jiƙa farin tsumma da ɗan tina ka goga a lungu. In ya fito da rawaya-rawaya mai maiƙo, an daɗe ana shafa wa daɓen folish mai kaki, kuma sabon banish ba ya kama kaki, sai dai ya riƙa saɓulewa. Wannan ma sai kankara.

Ƙarin shafi aikin yini ɗaya ne: a wanke da tsumma mai ɗan danshi, a bari ya bushe, a bi da sanfefa mai lamba 120 zuwa 150 har sheƙin ya mutu, a kwashe ƙura, a shafa.

Kankara ce mai wuya. Fitar da kaya kakaf. Bi daɓen da gwiwa, duk ƙusar da ta ɗago ka nutsar da ita, don ƙusa ɗaya tana iya yaga sanfefa har ta ba da tartsatsi. Katakon da ke motsi a sake liƙe shi. Ka kuma duba kauri: tsantsar katako mai milimita 19 yana jure kankara sau da dama, amma akwai na zamani wanda ɓawon samansa bai wuce milimita 2 zuwa 4 ba, wannan kada babban inji ya hau shi.

Ana farawa da sanfefa mai kaushi, lamba 36 ko 40, sai 60, sai 80, a ƙare da 100 ko 120. Kada ka tsallake mataki, domin kowace lamba aikinta share zanen da ta gabanta ta bari, kuma zanen da ido bai gani ba yanzu zai fito sarai da zarar banish ya hau. Ƙa'idar injin ita ce kada ya taɓa ƙasa yana tsaye. Kana tafiya za ka sauke shi, kana tafiya za ka ɗaga shi. Tsayuwar daƙiƙa biyu ta isa ta haƙa kwari a tsakiyar falo. Dogayen katakai ana bin tsawonsu. Ƙananan da aka jera wannan na fuskantar nan, wancan can, a karkace ake bin su. Kafintoci suna da dabara mai kyau: a zazzana fensir a ko'ina kafin kowane zagaye, inda zanen ya rage, nan inji bai ci ba. Gindin bango da kusurwa sai ƙaramin inji da hannu. Ka rufe hanci da baki sosai, don garin loko yana tayar da asma, yana sa ƙaiƙayi.

Garin da lamba 80 ta fitar kada ka zubar. Ana kwaɓa shi da ruwan cike tsaga a toshe ƙananan ramuka, launin ya zo daidai. Sai dai katako yana tsukewa da hunturu, ya kumbura da damina, don haka tsagar da ka cika tana hangame a watan Janairu za ta tofar da cikon a watan Agusta. Ni dai ban yarda a yi wannan aiki cikin hazo ba, ƙura za ta zauna a kan ɗanyen banish, kuma tsakiyar damina laima tana hana bushewa.

Bayan kankara a zuƙe ƙura da injin shara, a share bakin taga da saman ƙofa, a kashe fanka. Loko itace ne mai maiƙo, a goge shi da tina a bari ya sha iska. Banish iri biyu ne. Mai mai yana ba katako launin zuma, amma warinsa da ƙarfi, kuma yakan so a ba shi kwana guda tsakanin shafi da shafi. Mai ruwa yana bushewa cikin awa 2 zuwa 4, ba ya sauya launi sosai. A juya gwangwanin da sanda a hankali, girgizawa tana kawo kumfa. Fara daga lungu mafi nisa kana ja da baya zuwa ƙofa, shafi siriri, kana bin gefen da bai bushe ba don kada gaɓa ta fito. Shafi uku ya wadatar, tsakaninsu a ɗan shafa sanfefa lamba 220 a goge.

Tsummokaran da suka sha mai kada a dunƙule su a kwandon shara, suna iya ɗaukar zafi su kama wuta da kansu. A baza su a waje ko a jiƙa su cikin bokitin ruwa. Buhun ƙurar inji ma kada ya kwana a ɗaki.

Bayan awa 24 ana iya shiga da safa. Kujeru su jira kwana uku zuwa mako, a ɗauko su a ajiye, ban da ja, a liƙa musu ƙyalle mai kauri a ƙafafu. Kafet da darduma su dakata mako biyu, in banish mai mai ne kuwa har wata guda. Daga nan tsintsiya mai laushi da tsumma da aka matse sosai sun isa, a kuma ajiye abin goge ƙafa a bakin ƙofa, tunda yashin takalmi ne ya cinye banish ɗin farko.