Me Ya Sa Siginal Ke Juyowa Baya a Allon Sakit?

Jama'a, wannan darasin na masu zana allon sakit da kansu ne. Ka biya kuɗin bugawa da na jigila, allo ya iso, fitila ta kama, amma kwamfuta ta ƙi ganin USB ɗin. Sau da yawa amsa-kuwwa ce. Siginal na cin kusan santimita 15 a nanosakan ɗaya a allon FR4, kuma duk inda impidans ɗin layi ya canza, wani kaso nasa sai ya juyo baya ya gauraya da bit na gaba, mai karɓa ya kasa bambance 0 da 1. Lissafin ba wuya: layin om 50 ya shiga om 75, bambancinsu 25, jimillarsu 125, kashi 20 cikin ɗari ya dawo ke nan.

To, maganin fa? USB 2.0 na son om 90 tsakanin tagwayen layukansa, HDMI om 100. Kar ka yi kintace. Karɓi kaurin shimfiɗun allo daga kamfanin da zai buga, ka saka a kalkuletan KiCad ya ba ka faɗin layi.

Inda masu koyo suka fi faɗawa shi ne graun. Idan layi ya tsallaka tsaga a shimfiɗar graun da ke ƙarƙashinsa, wutar da ke komawa sai ta yi zagaye, impidans ya tashi a daidai wurin. Gaskiya wannan ya fi lanƙwasar kusurwa da ake ta surutu a kanta illa nesa ba kusa ba.

A layi tilo kuwa, kamar agogon SPI, ɗora rezista mai om 22 ko 33 dab da ƙafar cif mai aikawa.