Shari'ar Kumandan a Zamanin Faransawa

Wani mai sauraronmu daga Urafane, jihar Maradi, ya ce kakansa ya sha faɗa masa cewa a zamanin Turawa ana kulle mutum ba tare da ya ga alƙali ba. Wai haka ne?

To malam, gaskiya tsoho ya faɗa. Faransawa sun yi wata doka mai suna andijena, wadda ta hau kan 'yan ƙasa kaɗai. Da ita kumandan, irin wanda ya zauna a Tasawa, yakan jefa mutum gidan kaso har kwana 15, ko ya ci shi tara. Laifin kuwa bai wuce jinkirin biyan lanho, ƙin fita aikin dole, ko a ce ka raina Bature ba. Gardi ya ɗaure ka da igiya, ya tasa ƙeyarka a ƙasa har bariki, damina ko rani, gona ta zauna ba mai nomawa. Wannan zalunci ne tsantsa.

Kotunan 'yan ƙasa da wata dokar Faransawa ta 1903 ta tsara ma, babbarsu kumandan ne shugabanta, sarakai da malamai na gefensa, tafinta na tsakani.

Sai a 1946 aka soke andijena da aikin dole.